Rana, Gazuwal, Batir da Layi: Lissafin Wutar Lantarki a Tarka

A shekarar 2023 tashar hasken rana ta Goru Banda, da ke gefen Yamai, ta fara aiki. Ƙarfinta a takarda megawat 30 ne, da faranti fiye da 55,000 shimfiɗe a fili. Abin da aka tsara za ta riƙa bayarwa a shekara kuwa kilowat-awa miliyan 53 ne. Shekara tana da awa 8,760. Wanda ya raba na farko da na biyu zai tashi da megawat 6 da ɗan ɗoriya. Ke nan tashar da ake kira mai 30, in aka baje aikinta a kan dare da rana, mai 6 ce. Babu wanda ya yi ƙarya a nan. Talatin ɗin ƙarfinta ne da tsakar rana in sama ta yi garau, shidan kuma shi ne abin da ke shiga hannu. Haka abin yake ga tashar Malbaza mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, haka yake ga farantin da ke bisa rufin shago a Balbeji.

Tarka ƙaramar hukuma ce a Damargu, arewa maso yammacin jihar Damagaram. Da tana cikin gundumar Tanut, sai aka yanke Balbeji ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, Tarka ta koma ƙarƙashinta. Ƙidayar 2012 ta samu mutum kusan 96,000 a cikinta, warwatse a garuruwa da ƙauyuka da rugage, manoman gero da makiyaya. Wannan warwatsuwar ita ce tushen matsalar wuta, don jan waya kilomita goma domin gida talatin ba ya biyan kansa. A alƙaluman Bankin Duniya, kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, a karkara kuma ba su kai ɗaya cikin goma ba. Gwamnati ta ɗora wa kanta burin kaiwa kashi 80 cikin ɗari nan da 2035. Kafin nan, mai shago da likitar ƙauye da kwamitin foraj kowa haɗa wutarsa yake daga nan da can: faranti kaɗan, batir ɗaya ko biyu, gurup a gefe, da layin NIGELEC, kamfanin wuta na ƙasa, a inda ya iso.

Masu wasannin kwamfuta irin na kafa sansani da neman tsira sun san wannan lissafi sarai. A wasan RimWorld, farantin rana yana ba da wat 1,700 da tsakar rana, ba ya ba da komai da dare. Janareton itace yana ba da 1,000 ba tsayawa muddin ana zuba masa itace. Batir kuma rabin abin da aka zuba masa yake adanawa. Ɗan wasan da ya tara lambobin injinansa ya ga sun fi buƙatarsa, ya saki jiki, yakan wayi gari abincin sansaninsa ya ruɓe, don husufin rana ya zo batir ya ƙare. Yaron da ya sha wannan kayen sau biyu ya fi wasu manyan da ke sayen kayan wuta a kasuwa gane abu ɗaya: ba jimillar wat ake dubawa ba, sa'a mafi muni ake dubawa.

Mu fara da layi, tunda ya fi gurup da batir araha. A farashin da aka tsayar a 2018, kilowat-awa ɗaya ga ƙaramin mai amfani, wanda bai wuce 50 a wata ba, bai cika sefa 60 ba. Asirin arahar a Najeriya yake. Kafin 2023 kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa, mafi yawa ta madatsun ruwa irin Kainji. Yankin Damagaram da Maraɗi da Tawa yana sha ne ta layin da ya taso daga Katsina ya shigo Gazawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke wutar a farkon Agusta bisa takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ba ta dawo ba sai Maris 2024. Wata bakwai ke nan. A Oktoban 2024 kuma Kano da Katsina da kansu suka yi fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta arewa, kuma wanda ke ƙarshen waya ba ya samun abin da na farkonta bai samu ba. Abin da yankin ke da shi na kansa kaɗan ne: tashar mai megawat 22 da kamfanin Istithmar ya gina a Damagaram, rarar wutar matatar SORAZ, da hasken ranar Malbaza. Gawayin SONICHAR na Anu Araren, mai megawat 37 da ɗoriya tun farkon shekarun 1980, na Agadas ne da ma'adinan Arlit. Madatsar Kandaji mai megawat 130 har yanzu ana jiran ta, kuma tana can yamma mai nisa.

Sai mai. Abin da ke ɗaure kai shi ne matatar ƙasar baki ɗaya, wato SORAZ, a cikin gundumar Tanut take, kusa da Bakin Birji, kimanin kilomita 50 arewa da Damagaram. An buɗe ta a Nuwamban 2011, tana tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man yana zuwa ta bututu mai fiye da kilomita 460 daga Agadem. Amma kusanci da matata ba ya sauƙaƙa lita. A Yulin 2024 gwamnati ta rage gazuwal daga sefa 668 zuwa 618, isansi daga 540 zuwa 499, kuma wannan farashin gidan mai ne. A ƙauyen da sai mai kwalba ya kai shi, sai an ɗora.

Litar gazuwal tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kilowat-awa 10, amma zafi da hayaƙi ke cinye mafi yawa. Gurup mai lafiya da aka ɗora wa kaya daidai ƙarfinsa yakan fitar da kusan 3. Raba 618 gida uku: sefa 206 kowane kilowat-awa, kuɗin mai kaɗai, ban da baƙin mai da matata da ladan mai gyara. Wannan ya ninka farashin layi fiye da sau uku. Ƙaramin gurup na isansi ya fi haka tsada, don da ƙyar yake ba da kilowat-awa 1.5 zuwa 2 a lita, wato sefa 250 zuwa 330. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne injin yana shan mai ko da ba a ɗora masa komai ba. Babban gurup da aka tayar domin ƙwai huɗu da talabijin ɗaya, kowane kilowat-awa nasa zai iya ninka wancan farashin, ga kuma datti da ke taruwa a injin gazuwal in ya daɗe yana aiki ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Gurup yana son a tara masa aiki, ya yi awa biyu ko uku yana nishi, a kashe shi. Dalilin da ya sa shirin NESAP, wanda Bankin Duniya ya ba kuɗi a 2017, ya ƙara faranti da batir a tashoshin gazuwal na garuruwa masu nisa irin su Bilma da Iferwan ke nan: a rage awannin da injin ke juyawa a banza.

Kuma mai yakan yanke. A Maris 2025 an yi ƙarancin isansi a faɗin Nijar, layin motoci da babura ya miƙe a gidajen mai. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun da Najeriya ta cire tallafin mai a Mayun 2023, man bumburutu da ke cike giɓi ya ja baya, buƙata ta komo kan matata ɗaya tilo.

Yanzu rana, inda ake yawan ruɗin kai. Kowane murabba'in mita a Nijar yana samun kilowat-awa 5 zuwa 7 na hasken rana a yini, kuma ƙasar ba baƙuwa ba ce ga wannan ilimi, don tun shekarun 1960 Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya fara bincike a kai. Ɗauki faranti mai wat 300. In an ce rana cikakkiya ta awa 6, lissafin mai sayarwa wat-awa 1,800 ne. To, wat 300 ɗin an auna shi ne farantin yana kan zafin digiri 25. Kowane digiri da ya ƙaru yana zaftare kusan kashi 0.4 cikin ɗari. A watan Afrilu da Mayu, iska tana haura digiri 40, gilashin farantin kuma yana iya kaiwa 65. Digiri 40 ke nan a sama da ma'auni, asarar kashi 16. Saura 1,500. A ba ƙura kashi 10, ga wanda ke sharewa, don wanda ya bar farantinsa makonni a lokacin hunturu asararsa ta wuce haka nesa. Saura 1,350. Waya da akwatin caji da na'urar juya wuta su ci wani kashi 10. An tashi da kilowat-awa 1.2 a yini. Raba shi a kan awa 24: wat 50. Kashi ɗaya cikin shida na lambar da ke bayan farantin.

Duk da haka wutar rana da rana ita ce mafi araha a duk abin da ke hannun mutumin Tarka. Farashin faranti a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. A ɗauka an sayi namu jika 60. A shekara zai ba da kilowat-awa 438, a shekara goma 4,380, kuma faranti mai kyau yana wuce shekara ashirin. Kowane kilowat-awa ya tashi sefa 14. Ko layi bai kai shi araha ba.

Tsadar tana zuwa ne da magariba. Batir mai volt 12 da amfiya-awa 200 yana ɗaukar kilowat-awa 2.4, amma irin mai dalma da ruwan guba ba a kwashe masa fiye da rabi, in ana son ya daɗe. Rumbu ne da ba a taɓa rabin geron da ke ƙasa, kuma gara na cin katangarsa. Garar ita ce zafi: kowane ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanansa biyu, kuma ɗakin kwano a Damargu da bazara kowa ya san yadda yake. A ɗauka an saye shi jika 150, ya yi cika da sauka sau 500 kafin ya mutu. Abin da ya bayar a rayuwarsa kilowat-awa 600 ne, kowanne sefa 250, ba a ma sa kuɗin farantin da ya cika shi ba. Wannan ya fi gazuwal ɗin gurup mai cikakken kaya tsada. Batir na litiyom ya fi sauƙi a wannan lissafi, don ana kwashe masa kashi 80 zuwa 90 kuma yana yin cika da sauka dubbai, sai dai kuɗinsa na farko ke korar mai ƙaramin jari. A ganina duk wanda ya ce wutar rana kyauta ce, bai taɓa sayen batir na biyu ba.

Ga yadda abin ke fita a shagon cajin waya mai sayar da ruwan sanyi. Waya ɗaya tana cin kusan wat-awa 20 in aka haɗa da asara, waya 100 kilowat-awa 2 ke nan. Firigo a wannan zafin, wani 2. Ƙwai huɗu masu wat 10 na awa biyar, 0.2. Fanka, 0.4. Talabijin, 0.3. Jimilla ta kusa 5, faranti huɗu da ɗoriya, a ce biyar. Tambayar da ke yanke tsada ita ce nawa daga cikin biyar ɗin zai faɗo bayan faɗuwar rana. In firigo ya kwana a kunne, kuma ana karɓar waya har dare, abin da batir zai ɗauka ya wuce kilowat-awa 2, sai batir biyu, su ma a kan gaɓa. In kuwa an yi ƙanƙara tun da rana aka kashe firigo da almuru aka bar shi a rufe, aka gama caji kafin la'asar sakaliya, abin dare bai wuce 0.7 ba, batir ɗaya ya isa har da saura. Ba a ƙara wat ko ɗaya ba, lokacin aiki kawai aka sauya, an huta da jika 150 duk bayan shekara ɗaya da rabi. Abin kiyayewa ɗaya ne: injin firigo da na famfo suna jan wuta ninki uku zuwa bakwai a daƙiƙar tashi, shi ya sa na'urar juya wuta da aka saya daidai wa daida take ƙonewa.

Masu ƙera firigon allurar rigakafi sun bi wannan hanya har ƙarshenta. Akwai irin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi wanda ba shi da batir sam. Yana haɗe da faranti kai tsaye, da rana yana daskarar da ruwa a jikin bangonsa, wannan ƙanƙarar ke riƙe maganin tsakanin digiri 2 da 8 dare da rana, har kwanaki in hadari ya rufe sama. Ga likitar da ke nesa da kwalta, cire batir daga lissafi ya fi ƙara faranti amfani.

Inda lissafin ya fi nauyi a Tarka shi ne bakin ruwa. Damargu ƙasa ce mai rijiyoyi masu zurfi, kuma dukiyar mutanenta da ƙafa huɗu take tafiya. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 100 yana cin kilowat-awa 0.27 in babu asara, famfo kuwa kusan rabi yake mayarwa aiki, don haka a ce 0.55. Saniya tana shan wajen lita 30 a yini. Shanu 1,000, lita 30,000, kilowat-awa 16 da ɗoriya. Da raƙumi ko takarkari, wasakin lita 50 sai an ja shi sau 600, kowane ja tafiyar mita 100 da dawowa, jimilla kilomita 120 da dabbobin jan za su raba tsakaninsu a yini ɗaya. Da gazuwal, lita biyar da rabi, sefa 3,400 kullum, fiye da jika 800 a wata takwas na rani. Da rana, faranti 14 irin namu.

Wanda zai so ya adana waɗannan kilowat-awa 16 a batir mai dalma domin ya yi famfo da dare, sai ya jera batir 14. Ba mai hankalin da zai yi haka, tunda ana iya adana ruwan kansa. Shato mai cin lita 30,000 yana cika da rana, garken asuba da na yamma su sha daga gare shi, kuma zafi ba ya rage masa kwana yadda yake rage wa batir.

To me ya sa har yanzu ake ajiye gurup a gefen foraj mai faranti? Saboda rijiyar tana da iyakar abin da take bayarwa a awa. A ce tana ba da lita 5,000. Awa shida na rana mai ƙarfi, lita 30,000 ke nan, ko faranti ɗari aka jera ba za ta wuce haka ba. In bazara ta kama, tabkuna suka ƙafe, garken da ke kan hanya suka sauka, buƙata ta ninka zuwa 60,000, awa goma sha biyu ake buƙata. Awa shida na ƙari gurup ne zai kawo su, da yamma zuwa dare. Kwana 60 a haka lita 330 ne, sefa kusan 204,000 a shekara, kashi ɗaya cikin biyar na abin da da za a kashe in gazuwal kaɗai aka dogara da shi. A nan gurup ba ƙarin ƙarfi yake sayarwa ba, ƙarin lokaci ne. Kuma yana yi a cikakken kaya, inda litarsa ta fi yin auki.

Iska ba sai an daɗe a kanta ba. Ƙarfin da injin iska ke samu yana bin gudun iskar ne ninki uku a jere, don haka in gudu ya ragu da rabi, wuta ta koma kashi ɗaya cikin takwas. Iskar hunturu da ke kaɗawa da safe ta lafa da yamma, ga yashi mai cin ƙarfe, ba abin da mai shago zai zuba jarinsa ba ne. Abin da ya fi cancanta a tuna shi ne duk wannan lissafin lantarki ƙaramin yanki ne na makamashin da ake ƙonawa. Kusan kashi uku cikin huɗu na abin da Nijar ke amfani da shi itace ne da kara da kashin shanu, kuma faranti biyar ɗin mai shagonmu, in aka ce a girka tuwon babban gida da su safe da yamma, firigo da caji sai su haƙura.

Akwai wani lissafi da ke ɓacewa ranar da aka sauya gurup da faranti. Lokacin gazuwal, kowa ya san in ba a biya kuɗin ruwa ba gobe injin ba zai tashi ba, don haka ana biya. Da faranti ya zo, sai a ce ai rana ta Allah ce. Amma famfon da ke ƙarƙashin ƙasa da akwatin da ke sarrafa shi suna da ajali. A ɗauka sauya su zai ci sefa miliyan 2 bayan shekara bakwai. Kwana 2,555 ke nan, kusan sefa 780 a rana. Lita 30,000 kuwa bidon 1,200 ne masu cin lita 25, don haka rabon kowane bidon a kuɗin famfo bai kai sefa ɗaya ba. In aka tsayar da dala ɗaya a bidon, ko daidai da hakan a kan kowane garke, kuɗin yini cikakke sefa 6,000 ne. A cire 780 na famfo, a cire 560 na gazuwal ɗin bazara in an baje shi a kan shekara, saura fiye da 4,600 na mai gadi da mai share faranti da gyaran kawunan famfo. Da damina kuwa, lokacin da tabkuna suka cika garke suka yi arewa, abin da ke shiga asusun zai ragu ƙwarai, saboda haka rabon famfo na waɗannan watannin sai an ɗebe shi tun daga kuɗin rani.